Kano Zuwa Jidda Kilomita Nawa Ne? Jagorar Auna Nisan Tafiyar Jirgin Sama

Tambayar nisan Kano da Jidda amsa uku gare ta, kuma kowacce daidai ce a muhallinta. Malamin labarin ƙasa zai ce maka kilomita 3,400 da 'yan kai, jiya da yau da gobe duk haka yake. Matuƙin jirgi ba zai ba ka adadi ba sai ya duba takardar hanyar da aka tsara masa a ranar, domin ta jiya ba lallai ta zama ta yau ba. Alhaji kuwa ba ruwansa da kilomita, awa yake ƙirgawa tun daga rufe ƙofar jirgi har buɗe ta. Yawancin musun da ake yi a kan wannan batu daga cakuɗa amsoshin nan yake tasowa. Ta farko ce kaɗai ba ta motsi, ita ce kuma kowa zai iya fitarwa da kansa, da biro da takarda da kalkuletar wayarsa. In ta samu, sauran biyun ɗori ake yi a kanta.

Taswirar bango ba ta auna nisa

Abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ya ɗora rula a kan taswirar duniya, ya ja layi daga wannan birni zuwa wancan, ya duba ma'aunin da ke ƙasan takardar. In biranen suna nesa da juna, amsar da zai samu ba ta da amfani. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya, kuma ba yadda za a baje dunƙulallen abu ba tare da an ja wani sashe nasa ba. Taswirar da aka fi sabawa da ita, wadda Gerardus Mercator ya fitar a 1569, don matuƙan jirgin ruwa aka yi ta, domin mutum ya riƙe kusurwa ɗaya a kamfas har ya isa inda za shi. Sai dai sauƙin bai zo a banza ba: duk ƙasar da ta yi nisa da ikwaita kumbura take yi. Girinlan tana fitowa kamar kanta ɗaya da Afirka, alhali Afirka ta ninka ta sau 14.

To ina hanya mafi kusa take a bayan dunƙulallen abu? Ɗauki kankana ka yi alama biyu a jikinta, ka yanka ta yadda wuƙar za ta bi ta kan alamomin biyu, ta kuma ratsa ta tsakiyarta cif, ta raba ta gida biyu daidai wa daida. Bakin yankan nan shi ake kira babbar da'ira, guntun da ke tsakanin alamomin kuma babu hanyar da ta fi shi gajarta. Idan aka zana shi a taswirar bango sai ya fito a lanƙwashe, ya karkata wajen ƙuryar arewa ko ta kudu. Shi ya sa layin jirgi a allon da ke bayan kujera yake yin baka, fasinja ya ɗauka kewaye ake yi da shi, alhali jirgin miƙewa ya yi.

Musulmi sun daɗe da wannan lissafi, domin alƙibla ita ce inda babbar da'ira ta dosa daga inda kake tsaye zuwa Ka'aba. A Kano tana wajen digiri 68 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata arewa, kuma ba wanda zai yi mamaki. A New York ne abin yake ɗaure kai. Makka tana kudu maso gabas da birnin a taswira, amma masallatan can arewa maso gabas suke fuskanta, wajen digiri 58. Al-Biruni ya kammala littafi sukutum a 1025 a kan tantance matsayin garuruwa da gyara nisan da ke tsakaninsu, a ciki har ya fitar da alƙiblar birnin Gazna da ke Afganistan ta yau. Irin lissafin da ya yi aiki da shi ne ke cikin kwamfutar jirgi yanzu.

Tara kayan aiki: lambobi huɗu

Kowane wuri a doron ƙasa lambobi biyu ke nuna shi. Latitud yana faɗin nisansa daga ikwaita, arewa ko kudu, daga digiri 0 zuwa 90. Longitud yana faɗin nisansa gabas ko yamma daga layin Girinwich, wanda ya ratsa ta Landan ya gangaro ta Tema a Ghana, daga 0 zuwa 180. Samunsu ba wuya: buɗe Google Maps, ka danna wurin ka riƙe yatsa, lambobin za su fito, latitud a farko.

Filin jirgi za ka nema, ba tsakiyar gari ba, musamman a birane irin Landan da New York masu filaye da yawa. Haruffa uku da ke jikin tikiti da takardar da ake liƙa wa jaka su ne sunan filin: KAN na Filin Jirgin Malam Aminu Kano, JED na Filin Sarki Abdul'aziz a Jidda. Ga lambobinsu:

Kano: latitud 12.05 arewa, longitud 8.52 gabas.
Jidda: latitud 21.68 arewa, longitud 39.16 gabas.

Wani lokaci za ka tarar an rubuta su da digiri da minti, kamar 12°03′. Minti 60 ke yin digiri ɗaya, saboda haka raba mintin da 60 ka haɗa: 3 a raba da 60 ya ba da 0.05, ya zama 12.05. Wanda ya rubuta 12.03 ya fara da kuskure tun daga ƙofa. Latitud na kudu kuma alamar ɗebewa ake sa masa, misali na Johannesburg −26.

Lamba ta ƙarshe da za ka haddace ita ce 111.2. Daga tsakiyar duniya zuwa bayanta kilomita 6,371 ne a matsakaici, kewayenta ya kama kilomita 40,030. Raba wannan da digiri 360, kowane digiri na babbar da'ira ya tashi a kilomita 111.2. Duk aikin da ke gaba neman abu ɗaya ne: digiri nawa ne tsakanin biranen biyu.

Hanya ta farko: zare

In makarantarku ko ofishinku akwai ƙwallon taswirar duniya, ba ka bukatar lissafi. Dafe bakin zare a kan Kano da babban yatsa, ka ja ɗaya bakin zuwa Jidda har ya yi tsam, ba sako-sako. Zaren da aka ja sosai a bayan ƙwallo da kansa yake kwanciya a kan babbar da'ira. Tsuke inda ya taɓa Jidda, ka ɗauke shi ka kwantar a kan ikwaita, ka ƙirga digirin da ya rufe. Za ka samu 31 ko kusa da haka, a ninka da 111.2 ya ba da kimanin 3,450. Kafin ka ɗage zaren, duba ƙasashen da ya bi: arewa da tafkin Chadi ta kusurwar Nijar wajen Diffa, sai ƙasar Chadi, sai arewacin Sudan daura da Dongola, sannan Bahar Maliya. Sanin wannan zai yi maka amfani nan gaba.

Hanya ta biyu: lissafin gaggawa

Wannan ta dace da biranen da ba su yi nisa da ikwaita ba, kuma tazararsu ba ta wuce kilomita dubu uku zuwa huɗu ba. Ana ɗaukar tafiyar kamar an yi arewa tukuna sannan aka yi gabas, sai a nemi layin da ya yanke kwanar.

Bambancin latitud: 21.68 a cire 12.05, saura 9.63. A ninka da 111.2, ya ba da kilomita 1,071 zuwa arewa.

Bambancin longitud: 39.16 a cire 8.52, saura 30.64. A nan sai an yi hattara, domin layukan longitud matsewa suke yi yayin da ake yin arewa, har su haɗe a ƙuryar duniya. Digiri ɗaya na longitud kilomita 111 ne a ikwaita, 109 a Kano, 69 a Landan. Maganin abin shi ne a ninka da cos na matsakaicin latitud ɗin biranen biyu. Matsakaicin 12.05 da 21.68 shi ne 16.87, cos ɗinsa 0.957. Saboda haka 30.64 × 111.2 × 0.957 ya ba da kilomita 3,261 zuwa gabas.

Sai ƙa'idar Fisagoras ta ajin sakandare: ninka 1,071 da kansa, ninka 3,261 da kansa, haɗa su, ka danna maɓallin √. Amsa: kilomita 3,432. Riƙe ta, za mu gwada ta da ta gaba.

Hanya ta uku: cikakken lissafi

Wannan tana aiki ga kowane birane biyu a duniya. Juya wayarka a kwance, a yawancin wayoyi kalkuleta za ta fito da maɓallan sin da cos. Tabbatar tana kan digiri: danna cos 60, in ta ba ka 0.5 ka ci gaba, in ta ba ka wata lamba daban tana kan RAD ne, sai ka mayar da ita DEG. Matakai biyar ne.

1. Ninka sin na latitud ɗin birni na farko da sin na latitud ɗin na biyu. Sin 12.05 shi ne 0.2088, sin 21.68 shi ne 0.3694. Sun ba da 0.0771.
2. Ninka cos na latitud na farko da cos na latitud na biyu da cos na bambancin longitud. Wato 0.9780 × 0.9293 × 0.8604, ya ba da 0.7820.
3. Haɗa amsoshin biyu: 0.8591.
4. Danna cos⁻¹ a kan wannan lambar. Ta ba da digiri 30.8. Wannan ita ce kusurwar da ke tsakanin Kano da Jidda in an tsaya a tsakiyar duniya ana kallonsu.
5. Ninka da 111.2: kilomita 3,425.

Lissafin gaggawa ya kuskure da kilomita 7 kacal, abin da jirgi ke shafewa cikin rabin minti. Amma kada wannan ya sa ka saki jiki da shi. Gwada su duka a kan New York da Singafo, inda kamfanin Singapore Airlines yake tafiyar awa 18 zuwa 19 ba tsayawa da jirgin Airbus A350. Filin JFK na New York yana 40.64 arewa, 73.78 yamma, na Changi a Singafo yana 1.36 arewa, 103.99 gabas. Tunda ɗaya yana yamma ɗaya yana gabas, haɗa longitud ake yi, ba cirewa ba: 177.77. Cikakken lissafi zai ba ka −0.7426 a mataki na uku. Alamar ɗebewar ba kuskure ba ce, tana nuna tafiyar ta wuce rubu'in kewayen duniya. Cos⁻¹ ya ba da digiri 138, wato kimanin kilomita 15,340. Lissafin gaggawa kuwa kusan 18,960 zai ce, ya yi ƙari da fiye da kilomita 3,600, domin bai san cewa gajeriyar hanyar ta gefen ƙuryar arewa ta bi ba.

Wurare uku ake yawan tuntuɓe. Na farko gabas da yamma: in biranen suna ɓangare ɗaya a cire, in suna ɓangare daban-daban a haɗa, in jimlar ta haura 180 a cire ta daga 360. Na biyu mantawa da alamar ɗebewa ga biranen kudu. Na uku yanke lambobi da wuri: bar aƙalla lambobi huɗu bayan ɗigo, in biranen suna kusa da juna ma kada ka yanke komai, bar kalkuleta ta riƙe su duka. Akwai kuma ma'aunin hankali: babu wurare biyu a duniya da nisansu ya wuce kimanin kilomita 20,000, rabin kewayenta. Ka ga amsa ta fi haka, koma baya.

Ga biyu na gwaji. Filin Madina yana 24.55 arewa, 39.71 gabas, daga Kano ya kamata ka samu wajen kilomita 3,560. Heathrow na Landan yana 51.47 arewa, 0.45 yamma, amsarsa wajen 4,460.

In ka duba amsarka a shafukan intanet masu wannan lissafi, za ka ga ta ɗan saɓa da 'yan kilomita. Dalili shi ne duniya ba ƙwallo ce cif ba, ta ɗan baje a ƙugu: kilomita 6,378 daga tsakiya zuwa ikwaita, 6,357 zuwa ƙurya. Su da wannan siffar suke aiki. Saɓanin ba ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari.

Wane mil ake nufi?

Mil iri biyu ne, kuma rashin bambance su yana rikita mutane. Mil na ƙasa, wanda Amurka da Ingila suke auna hanya da shi, mita 1,609 ne. Mil na teku, wanda matuƙan jirgin sama da na ruwa suke aiki da shi, mita 1,852 ne, kuma an yanka shi ne daidai da minti ɗaya na latitud. Wannan ya sa lissafinsa ya fi sauƙi: ninka digirinka da 60 kawai. Kano zuwa Jidda mil 1,848 ne na teku, mil 2,128 na ƙasa, kilomita 3,425. Nisa ɗaya, lambobi uku. Duk adadin da aka ba ka, fara tambayar da wane ma'auni aka auna.

Daga layin lissafi zuwa hanyar da jirgi ke bi

Abin da ka fitar shi ne mafi ƙarancin nisan da zai yiwu. Jirgi ba ya yin ƙasa da shi, kusan kullum sai ya ɗara. Tun daga tashi ake fara ƙarin, domin jirgi iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka, ko da kuwa hakan na nufin ya ba inda za shi baya na 'yan mintoci kafin ya juyo. A sama kuma akwai hanyoyi da aka shata, daga wata alama zuwa wata, kowacce da suna mai haruffa biyar, masu kula da zirga-zirgar jirage suna miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Da damina matuƙi yakan kauce wa gangamin hadari da nisa mai yawa. In an iso fili ya cika, sai a yi ta shawagi ana jiran layi. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, tana da ƙiyasin da take ɗorawa a lissafinta na hayaƙin jirage: ƙarin kilomita 50 ga tafiyar da ba ta kai 550 ba, 100 ga wadda ke tsakanin 550 da 5,500, sai 125 ga wadda ta fi haka. Kai ma kana iya aro. Kano zuwa Jidda ta zama wajen 3,525 a ranar da komai yake lafiya.

Ranar da ba lafiya kuwa lissafin ya canja gaba ɗaya. Ka tuna zaren nan ya ratsa Sudan daga wannan gefe zuwa wancan. Da yaƙi ya ɓarke can a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Nijeriya na wannan shekara sai da suka kewaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara yawa, kuɗin jigila ya tashi. Haka jiragen da ke tsakanin Turai da Nijeriya suka yi ta zagaye a Agustan 2023 lokacin da Nijar ta rufe nata sararin. Tun 2022 kuma jiragen Turai ba sa bi ta saman Rasha, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo da ake yi a awa 9 da wani abu ta koma wajen 13. Saboda haka bayan ka fitar da nisa, duba ƙasashen da layin ya bi, ka tambayi kanka ko akwai wadda ƙofarta take rufe.

Akwai kuma dokar jirage masu inji biyu. Asali ba a yarda su yi nisan da ya wuce tafiyar minti 60 da inji ɗaya daga filin da za su iya sauka ba. Da injuna suka ƙara inganci aka riƙa ba da izinin minti 120, sannan 180, har wasu samfuran A350 suka samu 370. Jirgin da izininsa gajere ne dole ya raɓi gaɓar teku ko tsibirai, ko da layin lissafi ya yanka ta tsakiyar ruwa.

Mayar da kilomita awa

Manyan jiragen fasinja suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa in sun daidaita a sama, masu farfela kuwa wajen 500. Raba nisan hanya da 850, ka ƙara rabin awa na gangarawa titin tashi da hawa da saukowa. Namu: 3,525 a raba da 850 ya ba da awa 4 da minti 9, a ƙara minti 30, ya kama awa 4 da minti 40. Lokacin da kamfani ke rubutawa a tikiti yakan ɗan fi haka, domin daga ture jirgi baya a wannan fili har tsayawarsa a wancan yake ƙirgawa, ya kuma bar wa kansa rara saboda jinkiri.

Abin da wannan lissafi bai sani ba shi ne iska. A tsayin da jirage ke tafiya, kilomita 9 zuwa 12, akwai igiyoyin iska masu ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas a sassan Turai da Amurka da arewacin Asiya, da hunturu gudunsu kan wuce kilomita 200 a awa. Mai zuwa gabas tura shi suke yi, mai zuwa yamma su tokare shi. New York zuwa Landan kilomita 5,540 ne ko ta ina aka fara, amma zuwa Landan yakan ci wajen awa 7, komawa New York wajen 8. A Fabrairun 2020 wani jirgin British Airways samfurin Boeing 747 ya hau bayan irin wannan iska ya iso Landan cikin awa 4 da minti 56. Don haka ne masu tsara hanya sukan bar gajeriyar hanya da gangan su bi doguwa mai iska a baya. Jirgin Singafo ɗin nan sau da yawa gabas yake yi a zuwa New York ta tekun Fasifik, ya kuma yi gabas a dawowa ta Atlantika da Turai, ya ƙara kilomita don ya rage awa da mai.

A yankinmu abin ya danganta da lokacin shekara. Da damina akwai iska mai ƙarfi a can sama da ke tasowa daga wajen Indiya ta bi ta saman Sahel zuwa yamma, saboda haka mai zuwa Jidda a watannin nan yana iya tarar da ita a gaba, mai dawowa ta rako shi. Masu cewa juyawar duniya ce take kawo wa jirgi garin da za shi, ko take gudu da shi, su sani iskar da jirgin ke ciki tare da duniyar take juyawa.

Sai agogo. Lokutan da ke kan tikiti kowanne na garinsa ne. Saudiyya tana gaban Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da awa 2, tana gaban Ghana da 3, tana gaban Sudan da 1. A ce tikiti ya nuna tashi daga Kano ƙarfe 2:00 na rana, sauka Jidda 8:40 na dare. Ido zai ce awa 6 da minti 40, amma sai an cire 2. A dawowa, tashi 10:00 na safe, sauka 12:40 na rana, sai an ƙara 2. Duka biyun awa 4 da minti 40 ne. Landan kuwa tana canja agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinta ɗaya da na Kano, sauran watanni tana baya da awa ɗaya.

Idan akwai yada zango

Tikitin da zai bi da kai ta wani gari, kowace gaɓa daban ake lissafa ta sannan a haɗa. Kano zuwa Alƙahira kimanin kilomita 3,100 ne, Alƙahira zuwa Jidda 1,215, jimla wajen 4,315, ƙarin kusan 900 a kan miƙaƙƙiyar hanya. Ta Addis Ababa kuwa 3,325 da 1,415, jimla 4,740, ƙarin fiye da 1,300. Kowace gaɓa kuma tana da nata rabin awar na tashi da sauka.

A da tilas ce take sa a yada zango, domin tankin jirgi ba ya kai shi. Jiragen farko da suka sauka Kano, guda 3 na sojan saman Ingila, ranar 1 ga Nuwamba 1925, daga Masar suka taso, suka gangara Khartum, suka yi yamma ta El Fasher da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, da Maiduguri, kusan sawun da alhazan ƙasa suke bi in za su gabas. Kwanaki suka yi a kan abin da yau bai fi awa 4 da 'yan mintoci ba. Yanzu kasuwa ce take sa a tsaya: kamfani yana tara fasinjoji a babban filinsa ya sake rarraba su.

Saboda haka in tikiti biyu suna gabanka, jera su a takarda ta fuska uku: nisan kowace gaɓa, awannin sama bayan ka daidaita agogo, da awannin zama a filin da za a yada zango. Na ukun nan ba ya cikin kowane lissafin nisa, kuma sau da yawa shi ne mafi tsawo. Ƙarin kilomita 900 wajen awa ɗaya da rabi ne har da sauka da tashi, amma jiran jirgi na biyu yana iya cinye wuni guda. In da tsoho ko mai jinya ko mai goyo za a yi tafiyar, wannan layin na uku za a fara dubawa kafin a dubi farashi.